Lissafi a Ƙaramar Sakandare: Lesin, Allon Hannu, Raba Aji ko Manhajar Waya, Wanne Ya Kamata a Fara?

Duk makarantar da sakamakon lissafinta ya yi ƙasa a jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku, shawarwarin da ake kawowa sanannu ne. Iyaye su ce a buɗe lesin da yamma. Malamin da ya dawo daga bita ya ce a zaunar da yara rukuni-rukuni. Mai makaranta, in ta kuɗi ce, hankalinsa na kan kwamfutocin hannu domin suna jawo iyaye. Kuɗi da lokacin malamai ba za su ɗauki duka ba, dole a zaɓa. Wannan bayani na shugaban makaranta ne da malamin lissafi na JSS1 zuwa JSS3, musamman masu aji na yara 60 zuwa 80.

Ma'aunan da za a duba

A darasi na minti 40, yaro zai iya zama shiru, ya kwafe duk abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, in an ce "kun gane?" ya amsa "eh, Malam" tare da kowa, har a kaɗa ƙararrawa kansa bai warware ko tambaya ɗaya ba. A ido ya natsu, a jarrabawa kuma babu shi. Michelene Chi da Ruth Wylie, masu bincike a Amurka, sun kasa shigar ɗalibi cikin darasi gida huɗu a 2014: mai sauraro kawai, mai aiki da hannu kamar kwafa da jan layi, mai fito da wani abu daga kansa kamar bayyana dalili ko zana hoto, sai mai musayar hujja da wani. Koyo yana ƙaruwa ne daga na farko zuwa na huɗu. Yawancin darussanmu na lissafi sun tsaya a biyun farko, don haka ma'auni mafi nauyi a nan shi ne: yara nawa ne wannan hanya ke tilasta wa yin tunani, kuma na minti nawa?

Sauran ma'aunan biyar ne. Ko malami yana ganin kuskure nan take, ko sai bayan mako ya yi makin. Tsada, wadda za a auna da kaya da awoyin malami tunda farashin naira ba ya zama wuri ɗaya. Ɗorewa, wato ko abin zai rayu in an yi wa malamin canjin makaranta ko kuɗi ya yanke. Sauƙin farawa. Sai haɗari, wato yadda abin ke lalacewa.

Kafin a kashe ko sisi, a yi gwajin minti 15. A rubuta tambayoyi shida na firamare: 503 a ɗebe 278, 7 sau 8, 816 a raba gida 4, wanne ya fi girma tsakanin 0.4 da 0.35, rabi a tara da sulusi, da tambayar kasuwa guda mai mataki biyu. Amsoshin da ba daidai ba sun fi makin kansa amfani. Wanda ya rubuta 375 a ta farko, ƙaramar lamba yake cirewa daga babba a kowane gida, bai san aro ba. Amsar 225 ce. Wanda ya ba da 24 maimakon 204 ya tsallake sifili domin bai riƙe darajar gidajen lamba ba. Wanda ya ce 0.35 ya fi girma yana karanta ta kamar talatin da biyar. Idan sama da sulusin aji suka kasa huɗu cikin shida, ciwon a tushe yake. Idan yawancinsu sun ci amma suna faɗuwa aljabara, ciwon a yadda darasi ke tafiya yake. Maganin biyun ba ɗaya ba ne.

Zaɓi na farko: lesin da bitar tsofaffin tambayoyi

Shi ne mafi sauƙin farawa, kuma iyaye sun riga sun yarda da shi. Awa ɗaya sau uku a mako na tsawon mako 12 ya ba da awa 36 a zango, kuma duk awa sai an biya malami, daga aljihun iyaye ko na ƙungiyar iyaye da malamai. Ranar da kuɗi ya tsaya, lesin ya tsaya.

Babbar matsalarsa ita ce yakan zama maimaicin darasin safe: malami ɗaya, salo ɗaya, ga yara sun gaji ga yunwa. Wanda bai yi tunani da ƙarfe tara ba, da wuya ya yi da ƙarfe uku. Sannan ba kowa ke zuwa ba. Lokacin yakan ci karo da Islamiyya, 'yan mata da yawa aikin gida na jiransu, wasu yaran suna talla ko shago. Waɗanda suka fi buƙata sukan zama su ne ba sa nan. Akwai kuma haɗarin da ba a son faɗa a taron malamai: in malamin safe shi ne mai lesin na kuɗi, yana iya rage ƙwazo da safe.

Duk da haka yana da wurinsa, wato JSS3 a zanguna biyu na ƙarshe, in an gyara yadda ake ba da tambayoyin. An saba a ba da tambaya 20 duk a kan batu ɗaya, yaro ya gano salon tun daga ta uku, sauran ya bi da hannu kawai. A cakuɗa su: ɗaya ta kaso cikin ɗari, ta gaba ta kusurwa, ta gaba ta neman x, ta yadda sai ya fara tambayar kansa wace hanya ce ta dace. Doug Rohrer da abokan aikinsa sun gwada wannan a azuzuwa 54 na aji bakwai a jihar Filorida, daidai da JSS1 a nan, suka wallafa a 2020. A jarrabawar ba-zata bayan wata ɗaya, waɗanda suka yi cakuɗaɗɗun tambayoyi sun sami kashi 61 cikin ɗari, sauran 38. Yara za su yi ƙorafin ya fi wuya, makinsu na mako ma zai iya sauka da farko. Kada a janye saboda haka.

Zaɓi na biyu: allon hannu da misali warwararre

Wannan ba ƙarin lokaci ba ne, sauya yadda ake cin minti 40 ɗin ne. Kowane yaro yana da ɗan allo da alli. Malami ya yi tambaya, kowa ya rubuta, a ɗaga tare. Maimakon yara uku na gaba da suka saba ɗaga hannu, yara 80 ne suka amsa, malami kuma ya ga amsa 80 cikin daƙiƙa goma.

Kayan aikin kaɗan ne. Fallen filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8, in kafinta ya yanka shi santimita 24 da 30, yana ba da allo 40. Falle biyu sun ishi aji na 80. A goge gefuna da sanfefa don kada su tsaga hannu, a shafa baƙin fentin allo sau biyu, a rubuta lamba a bayan kowanne, monita ya riƙa tarawa cikin kwali. Abin da za a ci gaba da saye alli ne kawai, tsumma kuwa kowa ya zo da nasa. In ba a bar su cikin ruwa ko an mayar da su abin zama ba, za su yi shekaru. Yaranmu ba baƙin riƙe allo ba ne, don haka ba a ɓata lokaci wajen sabo.

Ga tsarin darasi da ke aiki. Minti 5 na farko, tambayoyi uku daga darussan baya, a kan allon hannu. Minti 10, malami ya warware misali ɗaya a rabin babban allo, alƙaluma a ajiye, yana faɗin dalilin kowane mataki: 2x + 3 = 11, a cire 3 daga ɓangarorin biyu, saura 2x = 8, a raba da 2, x = 4, a mayar da 4 a gani ko ta ba da 11. A ɗaya rabin ya rubuta ɗan'uwansa, 3x + 2 = 14, yara su yi. John Sweller da Graham Cooper sun nuna tun 1985 a Ostareliya cewa sabon shiga aljabara ya fi koyo in ya nazarci misali warwararre sannan ya yi makamancinsa, a kan a jefa shi cikin tambayoyi ya yi ta lalube. Minti 15, tambayoyi gajeru biyar ko shida a allon hannu, kowacce ta ɗan bambanta da ta baya. Minti 10 na ƙarshe, aiki a littafi, kowa shi kaɗai.

Ƙarfin hanyar yana cikin irin tambayar. Ɗauki rabi a tara da sulusi, da zaɓi huɗu: 2/5, 5/6, 1/6, 2/6. Kowace amsa mara kyau tana nuna wani ciwo dabam. Mai 2/5 ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Mai 1/6 ya ninka. Mai 2/6 ya tara sama ya ninka ƙasa. Idan alluna 30 suka nuna 2/5, kada malami ya faɗi amsa. Ya tambaya: 2/5 ya kai rabi? Yara su lura bai kai ba. To ta yaya za a ƙara wa rabi wani abu ya koma ƙasa da rabi? Daga nan su da kansu za su nemi wata hanya. Ƙa'ida mai sauƙi: in takwas cikin goma sun ci, a wuce, in ba su kai rabi ba, a sake misali da wasu lambobi.

Inda yake lalacewa sananne ne. Yara suna leƙen na kusa, don haka a saba musu su kifa allo a ƙirji sai an ƙirga uku. Malami yana gaggawa: Mary Budd Rowe ta auna tun farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan tambaya, kuma in jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye amsoshi sukan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Tambayar lissafi tana son rabin minti ko fiye. Idon malami yakan tsaya a layin gaba, sai ya riƙa farawa daga baya. Mafi muni shi ne a yi wa mai kuskure dariya ko bulala. Ranar da aka yi haka, alluna za su koma fanko ko kwafe. Kuma allon ba ya ɗaukar dogon aiki, shi ya sa minti goman littafi ba abin yarwa ba ne.

Zaɓi na uku: aikin bibbiyu da rukuni

Ba ya cin kuɗi, kuma a ma'aunin Chi shi ne ke iya kaiwa mataki na huɗu. Amma a aji mai benci a jere da yara 80, rukuni na shida yakan zama yaro ɗaya yana aiki, biyar suna hira. Bibbiyu ya fi. Kowa ya yi tunani shi kaɗai minti 2, ya gwada da na kusa minti 2, sannan malami ya kira suna daga rajista, ba mai ɗaga hannu ba, ya ce "faɗa mana abin da abokinka ya ce". Tambayar ta zama mai jawo gardama: wani ya ce 3(x + 4) daidai yake da 3x + 4, ku sa 2 a madadin x ku yanke hukunci. Ɗaya ta ba da 18, ɗaya 10, sai a nemi inda 8 ta ɓace. A bar su su yi gardamar da Hausa, su rubuta da Turanci tunda da shi za a yi jarrabawa. Haɗarinsa shi ne kuskure ya bazu daga mai baki zuwa mai kunya, don haka dole malami ya rufe da amsa bayyananniya. Shi kaɗai bai isa tsari ba. Ya fi kyau a ɗora shi kan allon hannu a duk lokacin da aji ya rabu biyu a kan amsa.

Zaɓi na huɗu: raba yara gwargwadon matakinsu

Wannan shi ne maganin ciwon tushe. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta shahara da shi, ana kiransa TaRL: a gwada kowane yaro baki da baki na 'yan mintuna, a ajiye shi a rukunin abin da ya iya ba ajin da yake ba, a koyar da shi daga nan, a sake gwadawa a ɗaga shi. An gwada salon a firamaren Jihar Kano, aji huɗu zuwa shida, ƙarƙashin shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Don firamare aka tsara shi, amma yaron JSS1 da bai iya aro ba matsalarsa ta firamare ce.

A ƙaramar sakandare ga yadda za a yi. A makarantar da ke ba lissafi darasi biyar a mako, a ware biyu, a daidaita jadawali ta yadda duk rassan JSS1 ke lissafi a lokaci ɗaya. Rukuni uku sun isa: masu darajar gidajen lamba da tarawa da ɗebewa, masu ninkawa da rabawa, masu rabi da sulusi da lamba mai ɗigo da tambayoyin labari. Rukunin farko su yi aiki da tsinke, goma-goma a ɗaure da roba. Yaron da zai cire 8 daga 23 ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa, ya ga tsinke uku sun zama goma sha uku. Aro ke nan, kuma da wuya ya sake rubuta 25. A sake gwaji duk mako huɗu zuwa shida.

Kaya ba su da tsada, lokaci da tsari ne masu tsada. Ana buƙatar malamai uku a sa'a ɗaya, da kwana biyu ko uku na gwajin farko, da shugaban da zai tsaya wa malamai in mai duba makarantu ya ce an bar tsarin aikin zango a baya. Za a bar shi a baya kuwa, na ɗan lokaci. Haɗari biyu ne. Na farko, rukunin ya zama tambari, a riƙa cewa "ajin daƙiƙai". Maganinsa a sa wa rukunoni sunayen launi, kuma a ga ana ɗaga yara da gaske. Na biyu, a tura malami mafi rauni rukunin ƙasa, alhali nan ne ake buƙatar gwani.

Zaɓi na biyar: manhaja a waya ko kwamfutar hannu

Akwai na kyauta, irin su Khan Academy, GeoGebra, Kolibri mai aiki ba tare da intanet ba, da Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Akwai na biyan kuɗi irin uLesson. Bincike biyu sun isa su nuna inda gizo ke saƙa. A Peru an raba wa yara kwamfutoci a ɗaruruwan makarantun karkara, bayan wata 15 ba a ga ƙaruwa a makin lissafi ba. A Delhi kuwa, binciken Muralidharan da Singh da Ganimian da ya fito a 2019 ya bi yaran aji shida zuwa tara da suka yi amfani da manhajar Mindspark na wata huɗu da rabi, ci gabansu a lissafi ya kai kusan ninki biyu na waɗanda ba su samu ba. Bambancin shi ne Mindspark tana gano matakin yaro ta ba shi tambaya daidai da shi, kuma ana haɗa minti 45 na kwamfuta da minti 45 tare da mai koyarwa. Ke nan abin da ya yi aiki dangin zaɓi na huɗu ne, na'ura ce kawai ta yi rabon.

Don haka a tambayi mai sayarwa abu ɗaya: manhajar tana sa yaro ya warware tambaya ta kuma sauya mataki in ya kasa, ko bidiyo ce kawai? Kallon bidiyo sauraro ne, matakin farko na Chi. Ga lissafin kaya: aji na 80, bibbiyu, na'ura 40 ke nan, da wurin caji 40, da sola ko janareta, da ɗaki mai ƙofar ƙarfe, da wanda zai gyara. Batir yana rauni cikin 'yan shekaru, gilashi na fashewa, ƙurar hunturu na shiga ko'ina. Yawancin darussan da Turanci suke, yaron da karatunsa bai nuna ba zai yi ta danna amsa da ka. GeoGebra dabam take: waya ɗaya ko kwamfutar malami ta isa a nuna wa aji yadda kusurwoyin alwatika ke ci gaba da ba da digiri 180 duk yadda aka ja ta.

| Zaɓi | Yaran da ke tunani | Ganin kuskure | Tsada | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Lesin | Masu zuwa kawai | A makare | Awa 36 a zango | Sai da kuɗi | Mai sauƙi | Maimaita salon safe |
| Allon hannu | Kusan duka | Nan take | Filawud 2, fenti, alli | Shekaru | Mako biyu na sabo | Kwafa, gaggawa |
| Bibbiyu | Da yawa | Rabi-rabi | Babu | Ya dogara da malami | Matsakaici | Kuskure ya bazu |
| Raba mataki | Kusan duka | Duk mako 4 zuwa 6 | Lokacin malamai 3 | Sai shugaba ya tsaya | Mai wuya | Tambari |
| Manhaja | Ya danganta da irinta | Nan take, in mai tambaya ce | Mafi tsada | Gajere | Mai wuya | Lalacewa, kallon bidiyo |

Wanne ya dace da wa?

Makarantar da gwajin ya nuna yaranta sun iya lissafin firamare amma aji ya mutu, ta fara da allon hannu da misali warwararre, bayan wata ɗaya ta ɗora bibbiyu a kai. Malami ɗaya zai iya farawa ba sai ya jira kowa ba, kuma in kuɗin abu ɗaya kawai ake da shi, nan ya kamata ya tafi.

Makarantar da sama da sulusin JSS1 suka kasa gwajin, ta raba mataki tun zangon farko, darasi biyu a mako, sauran ukun a yi su da allon hannu. Lesin na aljabara ga yaron da bai iya 7 sau 8 ba asarar kuɗin iyayensa ne. In malamin lissafi ɗaya ne tak a makarantar, ya raba ajin gida biyu a cikin ɗaki: rukuni ɗaya na aiki a littafi yana tare da ɗayan, bayan minti 20 a juya.

JSS3 da BECE ta matso, lesin na cakuɗaɗɗun tambayoyi, yara su fi malami riƙe alƙalami, a kuma zaɓi lokacin da bai ci karo da Islamiyya ba, ko da safiyar Asabar ce a inda hakan zai yiwu.

Makarantar kuɗi mai tsayayyar wuta da ma'aikacin gyara tana iya sayen manhaja, amma mai tambaya da sauya mataki, kuma malami na cikin ɗakin yana duba rahoton kowane yaro duk mako. Uba ko uwa mai waya ɗaya a gida, minti 20 sau huɗu a mako sun wadatar, da takarda da biro a gefe, a fara daga ajin da yaron ya iya ko da firamare huɗu ne. Kowanne aka zaɓa, a ajiye takardun gwajin farko, a sake ba da irinsa da wasu lambobi a ƙarshen zango, a ƙirga yara nawa ne har yanzu ke cire ƙaramar lamba daga babba.